In Wasiƙa Ta Ƙi Tafiya: Yadda Ake Bin Sawun Imel Daga Ɗaki Zuwa Uwar Garke



Batun da za mu yi magana a kansa yau, a ido ƙarami ne, amma babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa ɗanɗana ɗacinsa ba. Watau mutum ya zauna a ɗakinsa gaban kwamfuta, ya rubuta wasiƙar imel, ya danna aikawa, wasiƙa ta ce ba inda za ta. Wani takardar neman tallafin karatu ce wadda za a rufe karɓa da ƙarfe 12 na dare. Wata babin ƙarshe ne na kundin bincikenta wanda malami ke jira. Wani kuwa rahoto ne da babban sakatare ya ce yana so ya gani kafin zaman safe. A irin wannan hali, galibinmu kalma biyu muke da ita, watau “babu sabis”, sa'an nan mu nade hannu, ko kuwa mu shiga danne-danne barkatai har mu lalata abin da da can lafiyarsa ƙalau.

Abin da muke so mu tabbatar muku shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Wasiƙar imel zango-zango take bi, kamar ayarin fatake, in kuwa ta tsaya, to a zango guda ta tsaya. Aikin mai ilimi shi ne ya gano wannan zango, ya fara daga mafi kusa da shi zuwa mafi nisa, yana sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai warware galibin matsalolinsa da kansa, wadda ta fi ƙarfinsa kuma zai san wanda zai kai wa ƙara da abin da zai gaya masa.

HANYAR DA WASIƘA KE BI

Kafin a yi gyara sai a san ginin abu. A shekarar 1971 ne wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @ don raba sunan mutum da sunan wurin da akwatinsa yake. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar aika wasiƙa wadda ake kira SMTP, har yau kuwa da ita duniya ke aiki, bayan gyare-gyaren da aka yi mata. Ƙa'idar ɗauko wasiƙa dabam ce, kuma iri biyu ce: akwai POP wadda ta fito a 1984, akwai IMAP wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986.

Wanda ya san gidan waya zai gane wannan cikin sauƙi. A gidan waya akwai ramin da ake jefa wasiƙa mai tafiya, akwai kuma akwati mai lamba wanda mutum ke buɗewa da mabuɗinsa ya ɗauki abin da ya zo masa. To, SMTP shi ne ramin jefawa, POP da IMAP su ne akwatin ɗauka. Gidan wayar kansa kuwa wata babbar kwamfuta ce ta kamfanin da ya ba ka adireshi, ko ta jami'a, ko ta ma'aikata, wadda ba ta barci dare da rana. Ita ake kira uwar garke. Tun da ramin jefawa dabam, akwatin ɗauka dabam, ba abin mamaki ba ne mutum ya ga wasiƙu suna shigo masa amma nasa ba sa fita, ko kuwa akasin haka. Wannan bambanci shi ne haske na farko ga mai bincike.

Tsakanin kwamfutarka da uwar garke akwai zango huɗu. Na farko ita kwamfutar da manhajar imel da ke cikinta. Na biyu hanyar cikin gida, watau waya ko waifai zuwa ga ƙaramin akwatin nan mai fitilu da ake kira rauta, wanda ke raba intanet ga na'urorin gidan. Na uku kamfanin sadarwa da rautar ke haɗuwa da shi, ko ta layin waya ko ta igiya. Na huɗu ita uwar garke da mai gadin ƙofarta. Yanzu sai mu bi su.

TAMBAYOYI UKU KAFIN A TAƁA KOME

Sauri ya haifi nawa. Kafin ka sauya ko da harafi ɗaya a cikin saitin kwamfutarka, yi wa kanka tambaya uku, ka kuma sami amsarsu ta gwaji.

Ta farko, shin imel kaɗai ne ya tsaya, ko intanet ɗin gaba ɗaya? Buɗe burauza ka nemi wani shafi wanda ba ka buɗe ba yau, domin wanda ka saba buɗewa kwamfuta na iya nuno maka tsohon kwafinsa ta ruɗe ka. In shafin bai buɗu ba, to imel ba shi da laifi, hanya ce ta toshe.

Ta biyu, shin wannan na'ura ce kaɗai, ko duk na'urorin gidan? Ɗauki wayar hannu wadda ke kan waifai ɗin gidan ka gwada. In waya tana aiki kwamfuta ba ta yi, laifin yana cikin kwamfuta. In duka biyun sun tsaya, kashe waifai a wayar ka koma kan datar layinta. Ta yi aiki? To, laifin na rauta ne ko na kamfanin da ke ba ta intanet.

Ta uku, in shafuka suna buɗewa, shiga akwatinka ta burauza ka aika wa kanka wasiƙa. In ta tafi ta dawo, ka tabbata akwatinka lafiya, kalmar sirrinka daidai, uwar garke kuma tana aiki. Abin da ya rage shi ne manhajar da ke kan kwamfutarka, ko Outlook ce, ko Thunderbird, ko wata. Wannan gwaji na uku yana da wata fa'ida babba: in lokaci ya ƙure maka, aika takardarka ta burauza nan take, gyara ya biyo baya.

Waɗannan tambayoyi ba za su ci minti biyar ba, amma sun raba maka gona kashi-kashi, ka san inda za ka sa fartanya.

IN HANYA CE TA TOSHE

Mu ɗauka shafuka ba sa buɗewa. Fara da abin da ido ke gani. Shin rauta tana da wuta? Sau da yawa bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, ko an juya zuwa janareta, rauta kan farka rabi da rabi: fitilar waifai tana ci, fitilar intanet ba ta ci. Kwamfuta za ta nuna maka ta haɗu, alhali kuwa da rauta kaɗai ta haɗu. Alamar nan mai kama da fanka a kusurwar allo ƙarfin haɗuwarka da rauta kawai take nunawa, ba ta san kome ba game da abin da ke bayan rauta. Zare wayar wutar rauta, ka ƙirga daƙiƙa 30, ka mayar, ka ba ta minti biyu ta daidaita. Ka kiyayi ƙaramin ramin nan da ke bayanta wanda ake tsokana da allura, domin shi yana share saitin rauta baki ɗaya, har da sunan waifai da kalmar sirrinsa.

Sa'an nan ka duba abin da mutane ke jin nauyin dubawa, watau ko data ta ƙare, ko kwanakinta sun cika. Galibin rautocin gidajenmu da layin waya suke aiki, kuma ƙanne da baƙi masu kallon bidiyo kan cinye a kwana uku abin da aka saya don wata guda. Duba kuma nisa. Waifai galibi yana tafiya a kan zango biyu na iska, 2.4 da 5 na ma'aunin gigahaz. Na 5 ya fi sauri amma bango yana raunana shi ƙwarai, na 2.4 ya fi ratsa gini. Matso kusa da rauta, ko ka haɗa kwamfutar da ita ta waya, ka ga ko al'amari ya sauya.

In duk wannan bai warware ba, sai a koma ga lambobi. Kowace na'ura da ke gidan rauta ce ke ba ta lambar zama, mai kashi huɗu, wadda galibi kan fara da 192.168. A kwamfuta mai Windows, buɗe baƙin allon nan na umarni ka rubuta ipconfig, za ka ga lambarka da ta rauta. In ka ga lambarka ta fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta roƙi rauta lamba ba ta samu ba, sai ta raɗa wa kanta. Mai irin wannan lamba ba zai fita ko ƙofar gida ba. Yanke haɗin ka sake haɗawa, ko ka sake tayar da rauta.

Akwai kuma wani ɗan umarni mai suna ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Aikinsa kamar sallama ce: ka yi, in akwai kowa a gidan ya amsa. Fara yi wa rauta sallama da lambarta, wadda sau da yawa takan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. In ta amsa, hanyar cikin gida lafiya. Sai ka yi wa na waje, misali 8.8.8.8, wadda lamba ce ta Google. In rauta ta amsa na waje bai amsa ba, toshewar tana tsakanin rauta da kamfanin sadarwa, su za ka kira.

Saura hali na uku, mai ban mamaki: lambar waje ta amsa, amma in ka rubuta sunan shafi ba ya buɗewa. Dalili shi ne kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Akwai wani kundi mai fassara suna zuwa lamba, kamar littafin lambobin tarho na da, ana kiransa DNS, Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983. In mai riƙe da kundin da rautarka ke tambaya ya yi shiru, manhajar imel za ta ce ba ta sami uwar garke ba, alhali uwar garke tana nan daram. Maganinsa shi ne ka nuna wa kwamfutar wani mai kundin, kamar 8.8.8.8 ɗin nan da Google ta buɗe wa jama'a a 2009, ko 1.1.1.1 da Cloudflare ta buɗe a 2018.

Wani lokaci kuwa toshewar ta wuce gidanka, ta wuce garinku, ta wuce ƙasa ma. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a ruwan da ke daura da Kwaddibuwa. Nijeriya da Gana da maƙwabtansu da dama suka shiga ƙunci, har harkar bankuna ta taɓu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, wanda ya zauna yana sauya saitin kwamfutarsa wahala kawai ya saya. Shi ya sa yana da kyau ka tambayi maƙwabci, musamman mai layin wani kamfani dabam, kafin ka zargi na'urarka.

IN MANHAJA CE TA ƘI

Yanzu mu ɗauka hanya a buɗe take, imel yana aiki ta burauza, manhaja ce kaɗai ta ƙi. Nan ne batun ya fi yalwa, saboda haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Abu na farko, karanta saƙon kuskuren. Galibinmu da ya fito sai mu rufe shi da sauri kamar wanda ya ga maciji, alhali kuwa a cikinsa amsar take. Uwar garke tana ba da amsa da lamba mai harufa uku. Wadda ta fara da 4 tana nufin cikas na ɗan lokaci ne, a sake gwadawa. Wadda ta fara da 5 tana nufin an ƙi, kuma maimaitawa ba za ta sauya kome ba sai an gyara wani abu. Alal misali, 421 na cewa uwar garke ba ta iya saurarenka yanzu. 535 na cewa mai gadi bai yarda da sunanka ko kalmar sirrinka ba. 550 galibi na cewa babu wannan akwati ko an hana isa gare shi, sai ka duba ko ka yi kuskuren harafi a adireshin wanda kake aika wa. 552 na cewa kaya sun fi wurin ajiya. Rubuta lambar a takarda, ko ka ɗauki hoton allon.

Abu na biyu, sunan uwar garke da lambar ƙofa. Uwar garke kamar babban gida ce mai ƙofofi da yawa, kowace da lambarta da aikinta. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba zai yi ta tsayuwa har manhaja ta gaji ta ce lokaci ya ƙare. Ƙofar ɗauko wasiƙa ta IMAP ita ce 993, ta POP kuwa 995, dukansu a kulle saƙo ke bi ta cikinsu, wanda ke kan hanya ba zai iya karantawa ba. Tsoffin ƙofofinsu su ne 143 da 110. Ƙofar aikawa ita ce 587, wadda aka keɓe don wannan aiki a 1998, ko 465, wadda aka sake amincewa da ita a 2018. Akwai tsohuwar ƙofa mai lamba 25, wadda ita ce uwayen garke ke amfani da ita tsakaninsu, kamfanonin sadarwa da yawa kuma sun toshe ta ga masu amfani na gida don hana masu watsa wasiƙun banza. Saboda haka in wasiƙu suna shigowa amma ba sa fita, fara duba nan: in ka ga 25, mayar da ita 587. Ka kuma tabbata ka gaya wa manhajar cewa ramin jefawa shi ma yana bukatar suna da kalmar sirri, domin mutane da yawa kan cika na ɗauka su manta na aikawa. Sunan uwar garke kuwa a rubuta shi harafi da harafi yadda mai ita ya bayar. Na Gmail, alal misali, imap.gmail.com ne da smtp.gmail.com. Wurin sunan mai akwati a sa cikakken adireshi, har da abin da ke bayan alamar @.

Abu na uku, kalmar sirri, kuma a nan zamani ya sauya. A da, manhaja takan miƙa sunanka da kalmarka kawai a buɗe mata. A ƙarshen watan Mayu na 2022 Google ta daina karɓar wannan ga akwatunan jama'a, a watan Satumba na 2024 Microsoft ta bi sahu ga masu Outlook.com da Hotmail. Yanzu manhaja ce ke buɗe maka shafin kamfanin, ka shiga can, kamfanin ya ba ta izini. Tsohuwar manhajar da ba ta san wannan sabuwar hanya ba za ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, kai kuwa ka yi ta rantsuwa daidai ce, kuma ku duka kuna da gaskiya. Mafita ita ce a sabunta manhajar, a cire akwatin a sake sa shi ta sabuwar hanya. In manhajar ba ta sabuntuwa, Google tana ba wanda ya kunna tabbaci mai mataki biyu wata kalma ta musamman mai harufa 16, ta manhaja kaɗai.

Akwai wani tarko kuma da ya fi kama ma'aikata. Mutum ya sauya kalmar sirrinsa a ofis, ya manta da tsohuwar waya a gida wadda ke ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohuwar kalma. Uwar garke ta ga an yi ta kuskure, sai ta ɗauka ɓarawo ne ta rufe akwatin na ɗan lokaci. Duk ranar da ka sauya kalma, bi na'urorinka ɗaya bayan ɗaya ka sauya musu.

Abu na huɗu zai ba ku dariya, amma gaskiya ne: agogo. Kafin kwamfutarka ta miƙa sirrinka ga uwar garke, sai ta nemi ganin takardar shaidarta, wadda ke ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe agogo in an kashe ta. In ya mutu, kwamfuta kan farka tana zaton tana wata shekara can baya, ta dubi takardar shaida mai kyau ta ce ba ta inganta ba. Dubi kwanan wata a kusurwar allo kafin ka nemi mai gyara. In agogo daidai yake amma gargaɗin bai tafi ba, kada ka danna “ci gaba”, musamman a waifai na otal ko na kanti, domin mai yiwuwa ne wani ya tsaya tsakaninka da uwar garke.

Abu na biyar, nauyin kaya da cikar rumbu. Gmail ta ƙayyade megabait 25 ga abin da ake haɗawa da wasiƙa, wasu wuraren ma ba su kai haka ba. Bayan wannan, fayil kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa in an shirya shi don tafiya, saboda haka mai nauyin 20 kan zama kusan 27 a hanya, sai mai karɓa ya mayar da shi. Wasiƙa mai nauyi kan maƙale a akwatin fita ta hana na bayanta wucewa, kamar babbar mota ta lalace a kan gada. Buɗe akwatin fita, cire ta, rage girman hotunan takardun, ka sake aikawa. Haka kuma gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, tarayya ake yi a kansa tsakanin Gmail da Drive da Photos, tun 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafin. In ya cika, ba fita ba shiga. Mutum na iya zaman jiran kiran ganawar ɗaukar aiki, alhali wasiƙar ta zo ta tarar da akwati a cike ta koma.

Abu na shida, manhajar riga-kafi da katangar tsaro ta kwamfuta. Wasu kan tsaya tsakanin manhajar imel da hanya suna bincikar kowace wasiƙa, in suka rikice su tare kome. Ana iya dakatar da su na minti kaɗan don gwaji. In ya tabbata su ne, a gyara saitinsu a mayar da su bakin aiki. Barin su a kashe don imel ya tafi daidai yake da cire ƙyauren ɗaki saboda mabuɗi ya yi tauri.

Kafin mu bar wannan sashe, akwai gargaɗi game da POP da IMAP. A tsarin POP, manhaja kan kwaso wasiƙu ta kawo cikin kwamfuta, sau da yawa kuma ta share su daga uwar garke. Shi ya sa wani kan ce wasiƙunsa sun ɓace daga waya, alhali kwamfutar gida ce ta riga ta kwashe. A tsarin IMAP wasiƙu suna zaune a uwar garke, kowace na'ura leƙawa take yi. Mai na'ura fiye da ɗaya IMAP ya dace da shi. Wanda kuwa ke kan POP, kada ya kuskura ya cire akwatinsa daga manhaja da sunan gyara sai ya adana kwafin wasiƙunsa, in ba haka ba yana iya share tarihin shekaru cikin daƙiƙa guda.

IN TA FITA AMMA BA TA ISA BA

Wani lokaci wasiƙa ta bar hannunka, mai karɓa ya ce bai gani ba. Roƙe shi ya duba akwatin tarkace. Kai kuma ka duba naka, ko akwai takardar da ta dawo da bayanin dalili. Ka sani cewa in uwar garken mai karɓa ba ta samuwa, taka ba ta jefar da wasiƙa nan da nan, ƙa'ida ta ce ta yi ta gwadawa har kwana huɗu ko biyar. Saboda haka imel ba shi da alkawarin isa cikin minti ɗaya, wanda ya bar takarda mai muhimmanci sai ƙarfe 11 da rabi na daren rufewa ya yi caca da rabonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AMANAR MABUƊI

'Yan'uwa, akwai dalilin da ya sa muka nace mutum ya iya wannan bincike da kansa, dalilin kuwa ya wuce ajiye kuɗin mai gyara. Wanda ya ruɗe shi ne abincin mayaudari. A lokacin da imel ɗinka ya tsaya ne za ka fi saurin yarda da saƙon da ke cewa za a rufe akwatinka in ba ka danna nan ka rubuta kalmar sirrinka ba. A lokacin ne kuma za ka rubuta kalmar a takarda ka miƙa wa wani a shagon kwamfuta. Akwatin imel kuwa yau shi ne mabuɗin mabuɗai: ta cikinsa ake sauya kalmar sirrin shafin makaranta, da na dandalin zumunta, da wasu harkokin kuɗi. Ga ma'aikacin gwamnati abin ya fi nauyi, domin abin da ke akwatinsa na ofis amanar jama'a ce. Mai gyara na gaskiya ba ya bukatar jin kalmarka, zai juyo maka allo ka rubuta da hannunka. In larura ta sa wani ya ji ta, sauya ta a ranar.

Ka kuma yi tanadi tun kana cikin kwanciyar hankali. Rubuta sunayen uwayen garkenka da lambobin ƙofofinsu a littafi. Kunna tabbaci mai mataki biyu, ka tabbata lambar wayar da ka bayar tana hannunka kuma tana aiki, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan karɓe ya sayar wa wani. Google tana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, a buga su a adana inda ake adana takardun shaidar karatu.

In kuwa ka bi zangon nan duka abin ya gagara, je wurin masana da hujja a hannu. Bambanci ne babba tsakanin mai cewa “imel ɗina ba ya yi” da mai cewa “tun jiya da yamma wasiƙu suna shigowa ba sa fita, ta burauza suna fita, ina kan ƙofa 587, ga kuma lamba 535 da take fitowa.” Na farko za a ce masa ya kashe ya kunna ya dawo gobe. Na biyu ya riga ya yi wa ma'aikacin rabin aikinsa, za a kuma saurare shi da mutunci.

Wannan ɗabi'a, ta tambayar ina abu ya tsaya kafin a tambayi wa za a zarga, ita ce muke fata ku ɗauka daga wannan zaure. Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe za ku tarar da fayil ɗin da ya maƙale, da famfon da ya daina zuba, da albashin da bai iso ba, kowannensu kuwa a wani tebur guda ko wani bututu guda ya tsaya, kuma ana gano shi ta hanyar bin sawu daki-daki.

Shugaba, nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi. Wanda ya zo da kwamfutarsa ko wayarsa yana da matsala, ya karanto mana lambar kuskuren da yake gani, mu bi sawunta tare.